Koren Mai a Motar Amana

Tun kafin kowa ya ji sunan korona, ni da tsorona nake yawo a Kuala Lumpur. Ba tsoron komai ba ne sai na zafin jikin 'yata. Tana da wata lalura: idan zazzaɓi ya hau mata da sauri sai ta sandare, idanu su juye, ta hau jijjiga. Sau ɗaya ta taɓa yi muna Kano, kafin mu biyo babanta, kuma har yau ban san yadda muka isa asibiti ba a ranar. Na dai ƙwalla ihu, gida ya cika, wata ta fizge ta daga hannuna, wani ya tsayar da adaidaita a ƙofar gida. Likita ya ce yara da yawa suna yi, idan ta girma za ta daina, amma duk ranar da ta daɗe ba ta saki ba, kada a tsaya jiran komai, a kawo ta.

Da wannan maganar na hau jirgi. Gidan da muka kama a unguwar Danau Kota can sama yake a wani dogon bene, sai an shiga lif. Ba mu da mota. Maigida karatun digiri na uku yake yi da tallafin gwamnati, bas yake hawa, wani lokaci jirgin ƙasa. Ni kuwa karatuna bai wuce firamare da islamiyya ba. Turancina na sayen tumatir ne, yaren ƙasar kuma ban san komai ba sai gaisuwa da godiya. Kullum idan na taɓa wuyan yarinyar na ji ɗumi, sai in tambayi kaina: idan abin ya zo yanzu, da me zan kai ta?

Ana haka sai wani abokin maigida ya kawo mana mota ajiya. Tare suka yi sakandare, shi ya kama kasuwanci, yana safarar kayan waya tsakanin nan da gida, yana zaune a Bukit Jalil. Bikin ƙanwarsa ne ya taso, ya ce zai je ya dawo kafin wata ya ƙare. Muka sauka ƙarƙashin gini inda ake ajiye motoci don mu gan ta. Ja ce wur, ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa-ƙasa kamar za ta goge siminti da ciki. Irin motocin gudu ɗin nan ne da samari suke juyowa su kalla.

Ya miƙa wa maigida mukulli yana dariya. "Mutumina, ga gimbiya nan na bar maka. Abu ɗaya kawai, kore take sha. Kada ka kuskura ka ba ta rawaya."

"Ni da ko keke ba ni da shi," in ji maigida, "ka rasa abin da za ka bar min sai mai zaɓen abinci."

"Ai shi ya sa na kawo wa malami. Idan na ba wa yaran nan na Setapak, kafin in sauka a Kano sun kai ta bakin teku." Ya juyo gare ni. "Madam, ki sa masa ido don Allah."

Na yi murmushi kawai, don ban gane zancen kore da rawaya ba. Daga baya maigida ya yi min bayani. A gida fetur ɗaya ne, idan ka samu ka gode wa Allah. A nan kuwa kowane gidan mai yana da kai biyu na fetur. Mai kalar rawaya an rubuta masa 95, shi kowa yake sha, shi ne mai sauƙi. Kore an rubuta masa 97, ya fi tsada sosai.

Bai daɗe da tafiya ba aka rufe ƙasa. Aka hana jirgi sauka, aka ce kowa ya zauna a gida, mutum ɗaya ne zai fita sayen abinci, shi ma kada ya yi nisa. Mai mota ya maƙale a Kano. Motarsa ta zama tamu ba tamu ba.

Ni dai a raina na ce Allah ne ya dube ni. An ce masu motar haya ta waya suna gudun ɗaukar mai zazzaɓi, an ce motocin asibiti ba sa hutawa. To ga mota a ƙasanmu, ga mukulli rataye bayan ƙofa. Har gwadawa na yi wata rana, na shiga na zauna da yarinyar a cinyata don in ga ko za mu dace. Kujerar kamar mutum ya kishingiɗa a tabarma, gwiwata ta kusa taɓa haɓata, amma mun dace.

Maigida ya ɗauki motar nan amana, irin amanar da ba ya wasa da ita. Kowace safiya sai ya sauka ya yaye mata rufi, ya goge ƙura, ya tayar da ita ta yi ta gurnani a inda take. Ya ce haka babansa yake yi wa tasa motar tun suna yara, ba ya fita sai ya ɗuma ta, ko ranar da ba zai fita ba sai ya ɗuma. Ina goya yarinyar in bi shi, don nan ne kaɗai yawonmu a kulle. Shi yana sauraron inji, ni ina leƙen allurar mai. Ita kaɗai na iya karantawa a duk agogunan nan. Kullum tana ɗan sunkuyowa.

Kusa da mu akwai wata 'yar ƙaramar mota da fentinta ya koɗe, gefenta a loɓe. Ta maƙwabciyarmu ce, ƙofarta tana kallon tamu. 'Yar Jos ce, Kirista, ta girme ni nesa, tana da tagwaye, don haka nake ce mata Maman 'Yan Biyu. A wani kantin magani take aiki, tana da takardar izinin fita. Idan ta same mu a wurin sai ta tsaya daga nesa da takunkuminta.

"Maman Bebi, wannan zakin naku kullum sai ruri, ba a ganinsa a titi?"

"Na mutane ne, Anti."

"To ku gaishe min da shi. Tawa akuyar dai za ta fita kiwo." Sai ta shige motarta tana dariya.

Gaisuwarmu ba ta wuce haka ba. Ta taɓa karɓar waya daga hannuna ta sa min lambarta da kanta, ta ce ko barkono na rasa in kira. Ban taɓa kira ba. Kunya ce, da kuma tsoron cutar, tunda ita tana cuɗanya da mutane.

Kuɗin tallafin maigida ya makara a lokacin, kamar yadda ya saba. Allura ta sauko ƙasa da rabi, na kasa haƙuri.

"Malam, ka je ka cika motar nan da rawaya mana. Abin da zai sayi rabin kore ai zai kusa cika ta."

"Kin ji abin da mai ita ya ce."

"Ya ce wata guda zai yi. Yanzu yana ina?"

"Ko shekara ya yi, maganarsa ba ta canja ba."

"Wai shi koren nan me aka zuba a ciki? Zuma?"

Ya yi dariya, ya zaunar da ni ya yi min bayani a hankali, yadda yake yi idan yana so in gane. Ya ce injin irin wannan motar yana matse mai fiye da na sauran, idan man ba mai juriya ba ne sai ya kama da wuta kafin lokacinsa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Na ce kamar man suya da yake fara hayaƙi tun ba a jefa albasa ba? Ya ce kusan haka.

"To ka tabbata rawaya zai yi mata haka?"

Ya ce, "Ban tabbata ba. Tarihi nake karantawa, ba kanikanci ba."

Ya jefa tambayar a zauren ɗalibai na waya. Ranar har dare ana musu. Wani ya ce duk yaudarar masu gidan mai ce, fetur fetur ne. Wani ya rantse ya san wanda ya kashe inji da rawaya. Wani ya ce a gauraya rabi da rabi. Wani kuma ya ce, "Oga, kai da kake tapau, kana ƙunso shinkafa ba nama daga rumfar abinci ta mamak, ina kai ina motar da take shan 97?" Maigida ya karanta min wannan muka yi dariya, amma ba mu ƙaru da komai ba. Na ce ya kira mai motar ya tambaye shi kai tsaye. Ya ƙi. Ya ce idan ya tambaya kamar yana cewa amanar ta yi masa nauyi ne, ko yana neman a turo masa kuɗin mai, ga mutum kasuwarsa ta tsaya cak. Ni ma da na yi tunani, na ga da ni ce ba zan iya buɗe baki ba.

Da kuɗin ya shigo, abin da ya fara yi shi ne ya kai ta gidan mai ya cika ta da kore har baki. A watan ba mu ci nama sosai ba, ban kuma yi ƙorafi ba. Ya dawo yana gumi. Ya ce an tsayar da shi a shingen 'yan sanda, an duba takardu an ga sunan wani ne, an yi ta tambayoyi. Ba su wulaƙanta shi ba, sun sallame shi, amma ya ce baƙo kamarsa a cikin jar mota ta wani, a lokacin kulle, ba zai sake ba. Idan aka riƙe ta me zai ce wa mai ita?

Ni kuwa na ga allura ta miƙe tsaye a ƙarshe, na yi barci mai daɗi. Shi ya riƙe amanarsa, ni na samu tankina cike. Don kada man mai tsada ya tafi a banza, sai muka rage ɗumawar. Ya tayar, ta ɗan yi gurnani, in ce, "Ya isa haka, Malam," ya kashe. Muka daɗe a haka. Na lura tashinta ya fara ja, sai ta yi kamar mai gyaran murya kafin ta kama. Na faɗa masa, ya ce wataƙila sanyin ƙarƙashin gini ne. Na leƙa allura na ga tana nan, na bar maganar.

Ranar da abin ya faru, da zazzaɓi yarinyar ta tashi. Na ba ta maganin ruwa, na yi ta goga mata jiƙaƙƙen tawul. Muka ce mu ɗan jira mu gani, don a lokacin kowa tsoron ƙofar asibiti yake. Bayan la'asar hadari ya haɗu, ruwa ya tsuge irin na garin nan mai tsawa kamar sama za ta tsage. Tana kwance a cinyata ina mata waƙa, sai na ji jikinta ya ƙame. Na duba, idanun sun tafi.

Ban yi ihu ba wannan karon. Na kwantar da ita ta gefe kamar yadda aka koya min, muka tsaya a kanta muna jiran ta saki. Ba ta saki ba. Maigida ya fizgi mukulli, na sungume ta, ko mayafi ban ɗauka ba sai zanen goyo na yafa. A cikin lif yana ta cewa, "Mamana, Mamana," don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ya yaye rufin motar ya jefar, muka shiga. Ya danna. Sai ƙat-ƙat-ƙat. Fitilun gabansa suka yi ƙyafta-ƙyafta suka dushe. Ya sake dannawa. Ƙat, ɗaya tak, sannan shiru.

"Batir ne," in ji shi. Ya fita da gudu yana ƙwala wa mai gadi kira, "A tura! A tura!" A gida haka ake yi, mota ta ƙi tashi a tara mutane a tura, ta yi tari ta kama. Mai gadi ya zo suka sa kafaɗa. Ko motsi ba ta yi ba. Otomatik ce, giyarta a kulle, babu wuta ko fita daga inda take ba za ta yi ba. Ya sani, amma ya ci gaba da turawa, takalminsa yana zamewa a siminti. Mai gadi yana ta cewa, "Tak boleh, bos, tak boleh," wato ba zai yiwu ba. Maigida ya bar turin ya hau neman motar haya a waya, babu wadda ta karɓa. Ya kira motar asibiti, aka ce za a turo amma sai an yi haƙuri.

Yarinyar tana hannuna, kumfa a gefen bakinta, leɓenta ya canja kala. Idona ya faɗa kan 'yar koɗaɗɗiyar motar da ke gefe. Na karɓi wayata da hannu ɗaya na nemo lambar.

"Anti, ni ce, 'yata ce, muna ƙasa."

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta sauko da rigar barci da silifa, takunkumi a haɓa. Ta kalli yarinyar sau ɗaya.

"Shiga baya. Ki bar ta a gefenta, kada ki sa mata komai a baki. Baban Bebi, kai ka biyo mu daga baya, idan muka yi yawa a mota za a tsare mu a shinge, babu wurin tsayawa bayani a hanya."

Da muka juya za mu fita na hango shi ta gilashi, yana tsaye jikin jar motar, mukulli a hannunsa.

Ruwa ya cika titi, mai share gilashin motarta yana ƙara kamar zai karye. Tana tuƙi tana addu'a da sunan Yesu, ni ina salati a baya, ba wadda ta ce wa wata ta rage murya. A shinge ta sauke gilashi ta yi magana da yaren ƙasar, kalmomi kaɗan. Ɗan sandan ya leƙo ya ga abin da ke cinyata, ya janye ƙarfen da kansa yana kaɗa mana hannu mu wuce.

"Ki yi mata magana, Maman Bebi, ki yi ta kiran sunanta."

'Yar fari ce, ga sunan surukata, ban taɓa kiran sunan da bakina ba. Ranar na kira. Na yi ta kira har muka isa.

Sai da likitoci suka yi mata allura ta saki. Suka yi mana gwajin korona, babu. Ciwon kunne ne ya kawo zazzaɓin. Ni kaɗai aka bari da ita a ɗaki, babanta ya iso daga baya a jiƙe, iyakarsa bakin ƙofa. Wata likita mai haƙuri ta yi min bayani da hannu da 'yan kalmomin da nake ganewa. Ta ce jijjigar ta daɗe fiye da yadda suke so. Da yarinyar ta farka, hannunta na hagu bai riƙe komai ba. Na sa mata yatsana a tafin, ba ta damƙe ba. Suka ce yakan faru, yakan dawo. Na zauna ina kallon hannun nan kwana da kwanaki, kafin wata safiya ta miƙa shi ta ja min ɗankunne. Na tambayi likitar ko da mun zo da wuri da hakan bai faru ba. Ta ce ba za ta iya sani ba.

Bayan an sallame mu ne maigida ya kira abokinsa, ya sa a lasifika, ya faɗa masa komai. Abokin ya ce:

"Innalillahi. Mutumina, duk watannin nan ba ka fita da ita ba?"

"Sau ɗaya. Amma kullum ina ɗumawa."

"Ai ɗumawar ce ta cinye batir ɗin. Kowane tashi yana jan wuta, idan ba ta yi tafiya ba ba ya mayarwa. Me ya hana ka hau ta?"

"Kore ya yi tsada. Kuma taka ce."

"Wane kore? Buɗe murfin tanki ka duba, 95 ma tana sha. Na ce kore ne don ina taka ta a babban titi, ina so in ji ƙarfinta duka. Idan ka ba ta rawaya ita da kanta take daidaitawa, ƙarfi ne kawai zai ɗan ragu. Kai ina za ka yi gudu a kulle?" Ya ƙara da cewa, "Ƙarfe ne fa, wallahi ƙarfe ne. Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Sai mai motar ya nemo ni:

"Madam tana nan? Madam, ki yafe min. Da wasa na faɗi maganar nan."

Na ce babu komai, Allah ya riga ya rubuta. Na san ba laifinsa ba ne. Magana ɗaya ya faɗa a tsaye yana dariya, mu muka ɗauke ta muka ajiye ba mu ƙara taɓawa ba.

Aka sa sabon batir. Maigida ya nemi takarda daga mai motar ta waya don shinge, ya riƙa fita da ita cefane duk mako, yana zagayowa ta doguwar hanya. Rawaya yake zuba mata. Na kasa kunne sosai, ni da ba na rasa jin ƙaramin sauti, ban ji wani ƙwanƙwasa ba. Mai ita da ya dawo bayan an buɗe ƙasa ya koma wa korensa, ya ce shi a ƙafarsa yake jin bambanci, ban kuma ƙaryata shi ba. Ya ce akwai motocin da ba sa yarda da komai sai kore, a jikin murfinsu ake rubutawa, waɗannan ba a yi musu gardama. Iyakar abin da na sani game da mai ke nan. Ga mai gudu a babban titi wataƙila kuɗinsa bai tafi a banza ba. Mu dai tanki cike da mai mafi tsada a garin muka zauna a kai, bai kai mu ko bakin get ba.

Yarinyar ta shiga makaranta yanzu, ba ta sake yi ba. Da Turanci take amsa min idan na yi mata Hausa. Har yau idan ta ɗauki kofi ina duba da wane hannu ta ɗauka. Maman 'Yan Biyu sun koma gida bayan annobar, muna gaisawa jefi-jefi.

Roƙona ga duk uwar da ta karanta wannan, musamman wadda take zaune a inda ba ta da dangi: kada ki jira sai ranar. Ki tashi yau ki ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarki, ki faɗa mata lalurar ɗanki, ki tambaye ta ko za ta iya kai ku asibiti idan kin kira.